Famfon da Ba Shi da Tambari

Da sunan Allah na fara, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsaga hanyoyi a kanta, Ya ba raƙumi sawu, Ya ba mota taya, Ya ba ɗan Adam kai, ko da yake na wani ya fi na wani tauri. Ni ne Jatau ɗan Nomau, mutumin Kwarin Tsamiya, direba kuma bakanike, kuma ina cikin waɗanda aka ba masu taurin. Ku gyara zama ku ji yadda ta kaya tsakanina da mutanen Birnin Farin Gishiri, waɗanda suka so su jefa motata rami saboda ɗigon mai.

Motar nan gingimari ce mai shan gas, tayoyinta goma, sunanta Tsohuwar Zuma. Shekara goma sha tara muna tare. Ba ni da gona, ba ni da shago, ita ce gonar ita ce shagon. A inuwarta nake sallah, a kanta na ɗauko amaryata, a kanta kuma na kai mahaifina makwancinsa. Wanda ya ce mini ƙarfe ne kawai, to, ba ma shan ruwa a kwano ɗaya da shi.

Abin da ya fitar da ni daga gida labari ne na Kasuwar Bakin Duniya, can yamma da duk wata yamma, inda aka ce babu wani abu mai tsami da ke tsira a ƙasarsu, har mutanen suna ba da murjani cike da tafin hannu don su sami mudun tsamiya. Na cika Tsohuwar Zuma da buhunan tsamiya har sama, na yi sallama da iyali, na kama hanya.

Bayan wata guda na iso Kogin Lallausa. Babu gada a kansa, babu jirgi. Wasu manyan kunkuru ne ke fito, kowane bayansa ya isa a yi sussukar gero a kai, masu fito suna juya su da sanda. Na hau da motata bayan wani tsoho daga cikinsu. Muna tsakiyar ruwa ya hangi matarsa tana wucewa ta ƙasa, shi kuwa mai ladabi, ya nutsa ya gaishe ta. Ruwa ya zo mini har ƙofa. Mai fito ya ce in yi haƙuri, sun kwana biyu ba su haɗu ba. Na faɗa masa abin da ba zan maimaita a nan ba.

Ruwa ya shiga tanki, daga tanki ya shiga famfon mai, wato abin da ke zuƙo gas ya tura wa inji. Famfon nan na asali ne, da shi motar ta fito daga kamfani, amma yini ɗaya ya yi bayan wankan nan ya mutu murus. Sai da shanu ashirin suka ja mu zuwa Kukar Maƙera, wata kuka ce da maƙeru arba'in ke cikin kogonta, hayaƙi yana fita ta rassanta.

A nan aka haɗa ni da Baba Sallau, wani tsohon maƙerin fari mai zuba tukwane. Ya karɓi mataccen famfon, ya jujjuya shi, ya danna shi cikin yashi ya ɗauki siffarsa, ya narka tsofaffin tukwanen miya guda uku ya zuba. Kwana huɗu yana goga yana hudawa. Ranar da ya miƙo mini sabon famfon na ga ba ƙyalli, ba rubutu, ba tambarin kowa a jikinsa.

Ya ce, “Ɗan nan, saurara. Ka ga kusar nan mai rami, wadda mai ke bi ta cikinta? Da hannu za ka ɗaura ta har ta zauna, ka ƙara mata kwatan juyi da sifana, ka tsaya. Kada ka ɗaure ta da fushi.”

Na ce, “Baba, shekara goma sha tara fa ina kwance inji.”

Ya ce, “Ni kuma shekara hamsin ina gyara abin da irinku suka kwance.”

A gabansa na ɗaura yadda ya ce, mota ta tashi lafiya lau. Amma a zuciyata na raina famfon. Yaya za a yi tukunyar miya ta riƙe gas? Ina ɓace wa kukar da gani na tsaya, na zura bututun ƙarfe a bakin sifana don in ƙara ƙarfi, na ja kusar nan har sai da ta yi ƙara. Na goge hannu ina jin na yi dabara.

Kwana bakwai bayan haka ƙasa ta fara fari. Ba ciyawa, ba itace, gishiri ne shimfiɗe iyakar ganin ido, kuma a tsakiyarsa ga birni, ganuwarsa gishiri, gidajensa gishiri. Hanyar yamma ɗaya ce, ta cikinsa ta bi. Na iso ƙofar da hantsi.

Wasu dogarai cikin fararen kaya suka tsayar da ni. Ba su tambayi sunana ba, ba su dubi kayana ba, sai suka durƙusa suna leƙen ƙarƙashin mota. Su ake kira Masu Duban Ɗigo. Ɗayansu ya miƙe ya busa ƙaho. Na sauko na leƙa ni ma, gabana ya faɗi: ga baƙin tabo a kan farin gishiri, ga wani ɗigon yana taruwa a gindin famfo.

Aka tasa ni da motar zuwa bayan gari, wurin wani gangare da ke ƙarewa a bakin rami. Can na tarar da Sarkin Tambari, sunansa Bawa Gajere, yana zaune kan kujera, an riƙe masa laima. Ya sa aka buɗe kan mota, ya leƙa daga nesa, ya toshe hanci.

Ya ce, “Baƙo, wane gida ya haifi famfon nan?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, Baba Sallau na Kukar Maƙera ya zuba shi.”

Jama'a suka ɗauki salati. Ya ce, “Famfo ɗan kasuwa ke nan, ba ɗan asali ba. Dokar garin nan, duk motar da ke ɗauke da ɗan kasuwa, in ta ɗiga a kan gishirinmu, Ramin Jabu za ta. Je ka leƙa.”

Na je na leƙa. Motoci ne birjik a ƙasa, wasu a kife, wasu tayoyi a sama, gishiri ya cinye su sun yi ja. Na tuna kowace ɗaya akwai mutumin da ya tsaya inda na tsaya yana kallo. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, amma fushi ya riga shi isa bakina.

Da na juyo na lura da motocin 'yan garin da ke jere a gefe. Kowace an rataya mata ɗan kwanon azurfa a ƙarƙashin inji, kuma ina jin sautin ɗis, ɗis a cikin kwanonin.

Na ce, “Ranka ya daɗe, waɗancan fa? Ai duk yoyo suke.”

Ya ce, “Kul! Waɗancan 'yan asali ne, da tambarinsu. Ɗan asali ba ya yoyo, zufa yake yi.”

Na ce, “To, Allah Ya ba su lafiya, zazzaɓin ya yi yawa.”

Wasu daga baya suka yi dariya suka haɗiye. Sarkin Tambari ya yafito ni kusa, ya sassauta murya. Ya ce shi mutum ne mai tausayi. In na rantse a gaban jama'a cewa famfon a Gidan Asali na garinsu aka yi shi, in kuma daina ambaton maƙerin nan har abada, za a buga masa tambari, a rataya mini kwano, in wuce da motata yanzu yanzu.

Na ce, “Tambarin zai tsayar da yoyon?”

Ya ce, “Zai tsayar da magana.”

Na dubi Tsohuwar Zuma, na dubi ramin. Kalma uku ce tsakanina da hanya. Amma tsohon maƙerin nan ya yi kwana huɗu a gaban wuta saboda ni, kuma ban ma san inda yoyon yake ba tukuna, balle in ɗora masa.

Na ce, “Ba zan rantse ba. Gyara zan yi.”

Ya ce, “Ba a gyara ɗan kasuwa. Haihuwarsa ce ta ɓaci.”

“A dokarku an hana?”

Ya juya ga magatakarda. Magatakarda ya buɗa littafi, ya rufe, ya ce ba a hana ba, don ba a taɓa samun wanda ya nema ba. Sarkin Tambari ya murtuke fuska ya yanke: ina da daga yanzu zuwa azahar. Daga azahar za a tsayar da motar a kan gangare, inji yana aiki, duwatsu biyu kawai ke tare da tayoyin gaba. In ta kai la'asar gishiri yana fari, ta tsira. In ɗigo ɗaya ya sauka, a buge duwatsun.

Na tuɓe riga na shiga aiki. Wurin duk ya jiƙe da gas, ba ka gane inda yake fitowa, don haka na wanke famfon da toka da tsumma, na bar rana ta busar da shi. Na ɗebo garin geron da nake dama kunu da shi, na barbaɗe famfon da bututansa har suka yi fari. Sannan na kama ɗan famfon hannu da ke gefe ina dannawa, idona a kan garin.

Jikin famfon bai jiƙe ba ko kaɗan. Inda aka haɗa murfi bai jiƙe ba. A wuyan kusar nan mai rami garin ya fara baƙi. Na kwance ta da ƙyar, sai da na sa bututun da na ɗaure ta da shi. Washar da ke ƙarƙashinta, ɗan zoben jan ƙarfen da ke toshe tsakani, ta fito a baje kamar ganyen zogale, ta tsage gida biyu. Na daɗe ina kallonta a tafin hannuna. Aikin Baba Sallau ba shi da aibi ko na ƙwayar gero, ni ne na murƙushe ta da hannuna. Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana suna zafi.

Ba ni da wata washar. Na ruga kasuwa, shago bakwai na shiga, duk wanda ya ji ta wace mota ce sai ya ce ta ƙare, alhali ga su nan a zare a rataye bisa kansa. Na dawo rana ta kusa tsakiya.

Kusa da gangaren akwai mata masu saran gishiri. Wata tsohuwa a cikinsu, Inna Ladingo, ta hura gawayi tana dafa ɗanwake. Tun ɗazu take kallona.

Ta ce, “Ɗan nan, ka rantse musu mana ka tafi. Mijina ma taurin kai ya yi. Motarsa ce mai ragowar koren fenti a kai can ƙasa.”

Na ce, “Inna, in na rantse na yi wa mutumin kirki ƙarya.”

“Yana nan ne da zai ji?”

“Ni ina nan.”

Ta ci gaba da juya tukunya. Ni kuwa ina ta lalube a aljihu don rashin abin yi, sai hannuna ya faɗa kan makullin mota. A zaren makullin akwai wani tsohon kwabo mai huji, na jan ƙarfe, wanda mahaifiyata ta ɗaura mini a ƙugu tun ina jariri. Na gwada shi a bakin kusar. Hujin ya yi kaɗan, faɗin kuwa kamar an auna.

Na ce, “Inna, ara mini wutarki.”

Ta sauke tukunyar ta bar mini wutar. Na faɗaɗa hujin da zarto, na goga fuskokin kwabon a kan dutse mai laushi har rubutun ya ɓace, suka yi sumul. Jan ƙarfe in ya tsufa tauri yake yi, ba ya kwanciya ya toshe, don haka na kama shi da filaya na tura cikin garwashi, Inna tana fifita, har ya yi ja wur, na tsoma shi a ruwa. Ya fito da laushi, farce ma yana yi masa alama.

Na sa shi, na ɗaura kusar da hannu har ta zauna. Na ƙara kwata da sifana. Wallahi hannuna ƙaiƙayi yake in ƙara, sai da na jefar da sifanar can nesa. Na sassauta ɗan notin kan matatar mai, na yi ta danna famfon hannu, kumfa tana fita tana fita, har gas ya zo zalla babu iska, na rufe. Na murza makulli. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Ladan yana kiran azahar.

Aka share gishirin gangaren ya yi fes. Aka tsayar da Tsohuwar Zuma hancinta yana kallon rami, taku goma tsakani, aka sa dutse gaban kowace tayar gaba, aka saki birki. Dogarai biyu suka tsaya da guduma. Masu Duban Ɗigo suka kwanta rub da ciki kewaye da ita. Ni aka ce in tsaya gefe.

Ban taɓa ganin rana mai nawa irin ta ranar ba. Inji yana ta bugawa, inuwa tana jan ciki. Gari duk ya fito. Inuwar motar ta kai tsawonta, ta fara wucewa, har na soma jin numfashina yana dawowa. Sai ƙaho ya tashi.

“Ɗigo! Ga ɗigo!”

Sarkin Tambari bai ko tashi ya duba ba, ya ɗaga hannu. Dogarin dama ya buge dutsensa. Mota ta yi girgiza, nauyinta ya koma kan dutsen hagu. Dogarin hagu ya kai masa guduma, dutsen ya goce rabi, taya ta fara juyawa.

Ban san lokacin da na isa ba. Na tokari dutsen da ƙafar hagu na mayar da shi ƙarƙashin tayar, tayar kuwa ta hau dutsen ta haɗa da kan ƙafata. Na ji ƙashi ya yi ƙaras. Motar ta tsaya.

Na yi ihu, “Ba gas ba ne! Ku duba!”

Gaskiya ban san ko mene ne ba a lokacin. Abin da na sani shi ne kwata na ƙara, kuma kwabon ya zauna.

Sarkin Tambari ya ce, “Ku janye shi.”

Na rungume ƙarfen gaban mota na ce, “Wanda zai janye ni ya zo da gatari, don ƙafar tana ƙasa. In za ta rami, tare za mu. Amma sai ɗayanku ya sa hanci a ɗigon nan tukuna!”

Babu wanda ya motsa. Ashe su Masu Duban Ɗigo da ido kawai suke dubawa, taɓa mai ko shinshina shi ƙasƙanci ne a wurinsu, tun kakanninsu ba a taɓa yi ba. Sai ga Inna Ladingo ta ratso su da gatarinta a kafaɗa. Ta durƙusa dab da tayar, ta ƙura wa wurin ido, ta sa ɗan yatsa.

Ta ce, “Bawa, taso ka gani.” Haka ta kira shi, gatsal, ashe ta goye shi yana yaro. “Shekara sittin ina saran gishiri. Mai in ya zuba, shimfiɗuwa yake ya yi baƙi, gishiri yana nan yadda yake. Wannan kuwa rami ya haƙa. Ruwa ne kaɗai ke cin gishiri, ko jaririn garin nan ya sani.”

Ta ɗaga kai, kowa ya ɗaga. Salkar ruwan shana ce da ke rataye a gaban mota don iska ta sanyaya ta, rana ta sa tana tsattsafo. Muna kallo wani ɗigon ya taru a gindinta ya faɗo, ya ƙara zurfin ramin.

Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. Sarkin Tambari ya ce ai la'asar ba ta yi ba tukuna.

Na ce, “To, mu jira ta.”

Muka jira. Ƙafata tana ƙarƙashin taya, gumi yana zuba, idona yana ganin duhu yana washewa, na ƙi zama, na ƙi roƙo. Da ladan ya ɗaga murya, Masu Duban Ɗigo suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe riguna. Babu wanda ya busa ƙaho. Sarkin Tambari ya tashi ya shige gari, mai laima yana binsa da gudu.

Mazan garin ba mai tura motar da famfonta ba tambari, don haka Inna Ladingo ta kira matan gishiri, su wajen talatin, suka sa kafaɗa suka tura ta baya kamu ɗaya, aka sake tokare ta, aka zaro ni. Takalmin ya cika da jini. Inna ta ce in kwana biyu a gidanta a kira maɗori.

Na ce, “Inna, Allah Ya saka. Amma motar nan ba za ta ƙara minti ɗaya tana kallon ramin nan ba.”

Suka ɗaga ni suka sa a kujera. Kulocin gingimari da ƙafar hagu ake taka shi, kuma ba ya jin lallashi. Na cije haɓar rigata na taka. Ƙarar da na yi, jama'a suka ɗauka kirari nake, suka amsa da sowa. Na sa giyar baya, ta hau gangaren tana gurnani, na juya hancinta yamma, na ratsa tsakiyar garin na fita ta ɗaya ƙofar.

Sai da ganuwar ta ɓace a madubi na tsaya. Na sauko da ƙafa ɗaya, na ja jiki na shiga ƙarƙashinta, na shafa gindin famfon da yatsa, na shafa wuyan kusar, na kai yatsan gaban idona. A bushe yake. Nan na kwanta a kan gishiri, inji yana bugawa bisa kaina, na yi kukan da na hana kaina a gabansu.

Iyakar abin da ya faru ke nan, Allah ne shaida.